Kumburin da ba ya ciwo: sankarar fuska da wuya

Mutanen Tabelot sun san kumburi iri-iri. Sun san na haƙori, mai hana barci. Sun san hangum, mai kama yara ya sake su cikin kwana 10. Sun san maruru, da harbin kunama. Duk waɗannan suna da zafi, kuma zafin ne ke kora mutum gidan likita.

Amma akwai wani kumburin da ba ya ciwo da farko. Yana fitowa a muƙamuƙi, ko a kumatu, ko a bayan ido, ko a wuya. Yaro yana wasansa, yana kiwon awakinsa, yana cin abincinsa. Uwa ta taɓa wurin, ta ji tauri, yaro bai yi kuka ba. Sai a ce ai ba kome, zai baje. Wata 1 ya wuce, bai baje ba. Da yana kamar dabino, yanzu ya zama kamar ƙwan kaza. Irin wannan kumburin ne likitoci suka fi jin tsoro, domin wani lokaci ciwon daji ne, wanda ake kira sankara.

Mene ne sarkoma?

Ciwon daji ba iri ɗaya ba ne. Akwai na nono, akwai na mahaifa, akwai na hanta, akwai na jini. Akwai kuma wanda ke tasowa daga ƙashi, ko tsoka, ko kitse, ko guringuntsi, ko jijiya. Shi ne likitoci ke kira sarkoma.

Ga yadda abin yake. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Suna haihuwa, suna mutuwa, bisa tsari. Wata rana ƙwaya ɗaya sai ta ɓaci, ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Ƴaƴanta su taru su zama ƙullutu. Ƙullutun ya yi ta cin naman da ke kusa da shi. In an bar shi, wasu ƙwayoyin su shiga jini, kamar yadda irin ciyawa ke bin ruwan lambu daga fangali zuwa fangali. Mafi yawa a huhu suke sauka. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirjin mutum alhali a fuska yake da kumburi.

Sarkoma ba ta da yawa. Cikin manya 100 masu ciwon daji, kamar mutum 1 ne ke da ita. Cikin masu ita 10, kamar 1 ne take kama wa kai ko wuya. Malamin asibiti na iya shekaru a ƙauye bai ga ko ɗaya ba. Ƙarancinta ma yana cikin abin da ke sa a daɗe ba a gane ta ba.

Ba a ɗaukar ta. Ana iya cin abinci kwano ɗaya da mai ita, a sha shayi kofi ɗaya, a kwana tabarma ɗaya. Ba jifa ba ce, ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne. Ga mafi yawan masu ita, ba wani abu da suka ci ko suka yi da ya jawo ta. Taba da ake tauna da kanwa ko toka tana kawo ciwon daji a baki, amma wannan wani iri ne daban. Shi ma yana kisa.

Yadda take nuna kanta

A jikin yara, wadda aka fi gani ita ce ta tsoka. Ta fi kama waɗanda ba su kai shekara 10 ba. Cikin yara 10 masu ita, 3 zuwa 4 a kai ko a wuya take fito musu. In a bayan ido take, idon sai ya turo waje cikin ƴan makwanni, fatar ido ta kumbura. In a cikin hanci take, ƙofar hanci ɗaya sai ta toshe, majina da jini su riƙa fita ta nan kawai. In a kunne take, kunne ɗaya ya yi ta zubar da ruwa mai jini, wani lokaci baki ya karkace.

A jikin manya, akwai ta ƙashin muƙamuƙi, wadda aka fi gani ga masu shekara 30 zuwa 40 da ƴan kai. Haƙora masu lafiya sai su fara girgiɗi ba dalili. Leɓe ya mutu, a taɓa shi mutum bai ji ba. A cire haƙori, ramin ya ƙi warkewa, nama ya tsiro a ciki. Ga tsofaffi akwai wadda ke fitowa a fatar kai kamar an buge mutum jini ya kwanta, amma tabon ba ya gushewa, sai faɗi yake ƙarawa. Ga masu cutar sida akwai wadda ake kira ta Kaposi, mai sa tabo baƙi-baƙi ko ja-ja a ganɗa da dasashi. Ita wannan tana ja da baya sosai in an riƙe maganin sida.

A Abzin akwai wani abu da ya kamata a faɗa. Namiji baligi ba ya buɗe fuskarsa gaban surukai da manya. Rawani da amawali mutunci ne. To, amma amawalin da ke rufe baki yana iya rufe kumburin muƙamuƙi wata da watanni, har abokan hira ba su sani ba. Mai gida ya sani, matarsa ta sani, kowa ya yi shiru don kunya. Gaban likita babu surukuta. A sauke amawali a nuna masa.

Ba kowane kumburi ne sankara ba

Kada hankali ya tashi. Mafi yawan kumburin wuya da fuska ba sankara ba ne. Akwai maƙoƙo. Akwai kaluluwar tarin fuka, wadda magani ke warkarwa cikin wata 6. Akwai wani ƙari na muƙamuƙi mai girma sannu a hankali shekara da shekaru, ba ya yaɗuwa cikin jiki, amma sai an fiɗe shi. Akwai noma, mai cin bakin yaran da yunwa ta raunana, wadda ƙungiyar Sentinelles ke yaƙi da ita a Damagaram, kuma aka buɗe mata asibiti a Sakkwato a 1999. Duk waɗannan maganinsu daban-daban ne.

Ido kawai ba ya rarrabe su, ko da idon babban likita ne. Ga misali. A 1958 wani likita mai fiɗa, Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta ƙasar Uganda, ya ba da labarin yara da yawa masu kumburin muƙamuƙi. Shi kansa sarkoma ya kira ciwon. Daga baya da aka duba naman da kyau, sai aka ga ba ita ba ce, ciwon daji ne na kaluluwa. Yau sunansa ciwon ke ɗauke da shi. Ciwon Burkitt ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kamar kudancin ƙasa. Yana girma da sauri ƙwarai, yana iya ninka kansa cikin kwana 2. Amma ba fiɗa yake so ba. Ruwan magani ake sa wa yaro, kumburin ya narke cikin kwanaki. Yara 2 na iya zuwa da kumatu iri ɗaya, ɗaya a yi masa aiki, ɗaya a sa masa ruwa.

Saboda haka likita ke yanko ɗan nama kaɗan daga ƙullutun, a kai shi ɗakin bincike a Yamai, a duba shi da madubin likita. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makwanni. Masu jinya sukan ƙosa, su ce an bar su zaune ba a ba su kome ba. Haƙuri ya zama dole a nan. Likitan da bai san sunan ciwo ba, bai san maganin da zai ba da ba.

Kada a tsaga, kada a yi sakiya

Wanzami yana da aikinsa, kuma ba wanda ya raina shi. Amma ƙullutu mai tauri, mai girma, mara zafi, ba na aska ba ne. Ba mugunya a ciki. In an tsaga, jini ne zai fito, wani lokaci ya ƙi tsayawa. Ƙwayoyin ciwon su watsu cikin naman da ke da lafiya. Bakin tsagar ya ƙi rufewa, ƙari ya ɓullo ta nan, ƙuda su sauka, wari ya tashi. Haka ƙaho, haka sakiya da ƙarfe mai zafi. Abin da ke yi wa raƙumi amfani a kafaɗa ba ya yi wa yaro amfani a kumatu.

Babbar hasarar ma ita ce ta lokaci. Wata 3 wurin mai magani na gida, wata 2 ana jiran kuɗin albasa, sai a iso asibiti ƙullutu ya cika rabin fuska. Likitocin muƙamuƙi na Kaduna da Zariya sun daɗe suna kuka da wannan: mafi yawan masu ciwon a makare suke zuwa musu. Addu'a da rubutun sha ba su hana zuwa asibiti. A haɗa su tare, a kama hanya.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk kumburin fuska, ko baki, ko wuya da ya wuce mako 3 bai baje ba, ko yake ƙara girma, a kai shi gidan likita. Idon yaro da ya turo waje kuwa, ba a jira ko mako 1.

Daga Tabelot zuwa Yamai

Hanya tana da tsawo, ba a ɓoye wannan. Daga Tabelot, a gindin dutsen Bagzam, zuwa Agadas ya fi kilomita 100, hanyar duwatsu da rairayi. Da damina in koramu suka kawo ruwa, mota na iya kwana a bakin gaɓa. Daga Agadas zuwa Yamai ta Tawa kusan kilomita 950 ne.

Matakin farko shi ne gidan likita na garin. Majo zai duba, ya rubuta takarda zuwa babban asibitin jiha a Agadas. Wannan takarda a riƙe ta da kyau, ita ce ke buɗe ƙofa a gaba. A Agadas za a ɗauki hoto, a auna jini. In an ga alamar sankara, sai a tura mutum gaba, mafi yawa Yamai, inda manyan likitocin fiɗa suke, da Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji.

Fiɗa, ruwa, da haske

Magani iri 3 ne. Wani a yi masa ɗaya, wani 2, wani duka.

Na farko fiɗa. Ga manya, ita ce uwar magani. Duk mai lambu ya san ciyawar ƙiri-ƙiri. In aka tsinke ganyenta aka bar saiwa, mako 2 ta dawo. Sai an haƙa an zagaye ta, an kwashe har da ƙasar da ke gefenta. Haka likita ke yi. Ba ƙullutun kawai yake cirewa ba, har da naman lafiya da ke kewaye da shi, don kada saiwa ta rage. Bayan aiki a sake duba gefen naman da madubi. In gefen ya fita tsab, an yi sa'a. In an ga ƙwayoyin ciwo a bakin yanka, to da saura, sai a koma ko a gasa wurin da haske.

A nan ne wahalar kai da wuya take. In a cinya ciwon yake, akwai fili, likita ya yanka yadda yake so. A fuska babu fili. Ga ido, ga ƙwaƙwalwa, ga manyan jijiyoyin jini, ga hanyar numfashi da ta abinci, duk a matse wuri ɗaya. Kamar ciyawar da ta tsiro a jikin ginin rijiya ce: in an haƙa da yawa rijiya ta rufta, in an haƙa kaɗan ciyawa ta dawo. Ƙullutu ƙarami yana barin wa likita wurin zagayawa. Babba ba ya bari. Shi ya sa sarkomar kai da wuya ta fi ta hannu da ƙafa yawan dawowa a wurin da aka cire ta.

Wani lokaci sai an cire rabin muƙamuƙi. Jin haka yana da ban tsoro, kuma mutane da yawa a nan suke gudu. Amma ana maye gurbin da ƙarfe, ko da ƙashin da aka ɗauko daga haƙarƙari, ko ƙugu, ko ƙafar mutumin. Zai sha kunu da madara na wani lokaci, magana ta yi masa nauyi, sannan a hankali ya saba. Da rabin muƙamuƙi ana noma, ana kiwo, ana aurar da ƴaƴa.

Na biyu ruwan magani da ake sawa ta jijiya. Ga yara masu sarkomar tsoka, shi ne kan gaba. Yana bin jini ko'ina, yana kashe ƙwayoyin da suka gudu. Ana sa shi zagaye-zagaye, yawanci kowane mako 3, har wata 6 zuwa shekara 1. Yana da wuya. Gashi yana zuba, amma yana dawowa. Yaro yana amai, baki yana fashewa, jiki ba ƙarfi. In zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar magani, a ranar ake komawa asibiti, ko da dare ne, domin a lokacin jikinsa ba shi da masu tsaro.

Ga wani tarko da ya ci yara da yawa. Bayan zagaye 2 ko 3, kumburin yakan baje, ido ya koma wurinsa. Iyaye su yi murna, su ce ya warke, ga lambu na jira, ga bisashe ba mai kula. Su tattara su koma gida. Ganye ne ya bushe, saiwa tana nan. Bayan ƴan watanni ciwon ya dawo, kuma wanda ya dawo ya fi na farko taurin kai. Likita ne kaɗai ke cewa an gama.

Na uku gashi da haske. Wata na'ura ce ke aika haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, daidai kan ciwon. Ba wuta ba ce, ba a jin zafi lokacin da ake yi. Mutum ya kwanta ƴan mintoci, ya tashi. Ana yi kwana 5 a mako, har mako 5 ko 6. Daga baya fata takan yi duhu, baki ya bushe, haɗiya ta yi wuya. Ga ƙaramin yaro, ƙashin fuska da haƙoran wannan gefen ba sa girma daidai da ɗaya gefen. Likitoci sun san haka, suna auna riba da hasara kafin su yi.

Da can babu wannan na'ura a Nijar ko ɗaya. Mai bukatarta sai an fitar da shi ƙasar waje, kuma kaɗan ne suka samu. A 2021 aka buɗe ta farko a cibiyar Yamai, da taimakon hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya.

Mutum nawa ke warkewa?

Wajen 1970, ko a Amurka da Turai, cikin yara 4 masu sarkomar tsoka 1 ne ke rayuwa. A 1972 likitocin Amurka suka haɗa kai, suka riƙa gwada fiɗa da ruwa da haske tare, suna rubuta abin da ya faru da kowane yaro. Yau a waɗannan ƙasashe kamar 7 cikin 10 ke warkewa. In a bayan ido ciwon yake, bai yaɗu ba, fiye da 9 cikin 10 ke warkewa, kuma mafi yawa ba a cire idon. Dalili shi ne ido yana tona asirin ciwon da wuri. In a can cikin hanci ko kunne yake, kusa da ƙwaƙwalwa, adadin ya ragu. In ya riga ya kai huhu ko ɓargo, waɗanda ke tsira ba su wuce 3 cikin 10 ba, ko a asibitin da ya fi kowane kayan aiki.

Ga manya, a ƙasashen da ke da kayan aiki, tsakanin 5 da 7 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. Abu 3 ke raba mai sa'a da mara sa'a: girman ƙullutun, zafin irinsa, da ko an cire shi duka. Wanda bai kai santimita 5 ba, wato bai kai ƙwan kaza ba, ya fi ba da fata. Zafin iri ba a hannun mutum yake ba. Girma kuwa, da sauran abin da mutum zai iya.

Waɗannan lissafi na ƙasashe masu arziki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a can fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Ciwon ɗaya ne. Bambancin shi ne zuwa a makare, da rashin magani, da barin magani a tsakiya. A 2018 hukumar ta sa burin a kai 60 cikin 100 a duniya duka kafin 2030.

Akwai wanda za a ce masa ciwon ya wuce fiɗa. Shi ma ba a sallame shi hannu wofi ba. Akwai maganin zafi mai ƙarfi da ke sa shi barci. Akwai wankin gyambo da ke kashe wari. Haske ma yana tsayar da jini, ya rage nauyin ƙari. Haƙƙinsa ne a tambaya masa waɗannan.

Kuɗi, ayari, da komawa

A 2006 gwamnati ta sa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. A 2024 kuma ta rage kuɗin ganin likita da na aiki a asibitocin gwamnati. Duk da haka akwai kuɗin mota, da abinci, da masauki, da maganin da za a ce a sayo a waje. Wata 6 a Yamai ba ƙaramin abu ba ne ga mai lambu ɗaya da raƙumi 2. Gida ɗaya ba ya ɗaukar wannan kaya. Ƙungiyoyin manoman albasa da dankali da tafarnuwa suna da asusu na iri da na man injin ban ruwa. Kamata ya yi a ware wani abu na jinya, a tara shi lokacin da motoci ke lodin albasa, tun ba a san gidan da zai faɗa wa ba. Maƙwabta su riƙe wa mai jinya ban ruwa. Ƴan Abzin mazauna Agadas da Yamai su ba da masauki.

Sai batun ayari. Bayan damina maza sukan tafi Bilma ɗauko gishiri da dabino, daga nan su gangara Damargu da ƙasar Hausa, su yi watanni. Wasu kuma suna wurin haƙar zinariya. In kumburi ya fito wa yaro bayan tafiyar uba, mata sukan ce sai ya dawo. Ciwon ba ya jiran ayari. Mai tafiya ya bar izini a bayansa, gaban shaidu: in wani ya kwanta, wane ne zai kai shi, kuma wace akuya za a sayar.

Wanda aka gama wa magani, da sauran tafiya a gabansa. In ciwon zai dawo, ya fi dawowa cikin shekara 2 zuwa 3 na farko. Saboda haka ake kiran mutum kowane wata 3 da farko, sannan kowane wata 6, har shekara 5. Za a taɓa wurin aikin, a leƙa baki, a ɗauki hoton ƙirji. Takardun asibiti, da hotuna, da sakamakon naman da aka duba, a naɗe su cikin leda a sa a jakar fata, nesa da ruwa da gara. In likita ya ba da rana, a nemi mai karatu ya rubuta ta da manyan baƙaƙe, a lissafa ta da watan Musulunci, a kuma tashi daga Tabelot kwana 4 ko 5 kafin ranar, saboda mota da korama.